Ban Aike Shi Ba

A duk cututtukan da Allah ya saukar, ni tsaki aka zaɓar min. Wani na fama da ulsa, wani asma, a je dubiya a ce musu sannu, har a riƙo musu ayaba da lemo. Ni nawa ciwon mari ake riƙo masa. Sunana Ikilima, a unguwar Turaki aka haife ni a nan Jalingo, kuma tun ina firamare bakina yake tsaki ba da izinina ba. Ba ɗan ƙaramin tsakin wanda sauro ya dama ba. Dogo ne, mai wutsiya, irin wanda mace ke ja wa wadda ta raina a bakin famfo.

Wani ƙaiƙayi ne yake taruwa a bayan haƙorana, kamar atishawa mai neman hanya. Ina iya danne shi na ɗan lokaci. Amma duk wanda na danne ba ya tafiya ko'ina, tsayawa yake ya jira 'yan'uwansa su fito tare. Na yi wa mutane wannan bayani har bakina ya gaji, kuma ban taɓa samun wanda ya ji shi har ƙarshe ba, don kafin in gama tsakin ya riga ya fito.

Mahaifina Hammanjoda dillalin shanu ne, mutumin Lau, mu kuma Baaba muke ce masa. Mutum ne da ya ɗauki kunya da kawaici ya ɗora a kansa kamar rawani. Ranar da abin ya fara ja min, yana zaure da baƙi abokan sana'arsa, aka aike ni da fura. Na durƙusa na ajiye. Hausar Baaba ba ta san mace ba, ba ta san namiji ba, kowa "ka" ne a wurinsa.

Ya ce, "Ka gaida bappanka."

Na buɗe baki zan ce ina wuni, sai tsakin ya riga gaisuwar fita. Ban ga tahowar hannunsa ba, sai dai na ji kunnena ya ɗauki ƙara. Ina kuka na ce, "Wallahi Baaba ban aike shi ba, shi ya zo da kansa." Wani cikin baƙin ya fashe da dariya. Da marin kawai aka yi, da ya wuce. Dariyar nan ce Baaba bai taɓa yafewa ba.

An yi rubutu na sha, an yi hayaƙi har idona ya zama gauta, an kai ni wurin mai ruƙiyya ya yi ta kiran aljanin da ba ya nan. Daga baya Adda Hamna, yayata, ta matsa aka kai ni asibiti. Likitan ya saurare ni, ya ce ciwo ne sananne, a ƙwaƙwalwa yake, sunansa tik, yara da yawa suna da shi, wasu ƙifta ido suke yi, wasu gyaran murya. Ya ce duka da tsawa ƙara shi suke yi. Adda ta dawo gida da murna kamar ta ciyo kyauta, ta zayyana wa Baaba. Ya bari ta gama tsaf.

Ya ce, "Ciwo ne ya zaɓi tsaki? Me ya hana shi zaɓan salati?"

Inna ta yi ƙarfin hali ta ce masa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. To, bai yanke ba. Daina kallon hannun kawai ya yi. Daga lokacin ba ya kiran sunana, ba ya ɗaga ido in na shigo, in yana da saƙo sai ya faɗa wa bango: "A gaya wa wancan ya kawo buta." A wurinmu uba ba ya faɗin sunan ɗan fari, saboda haka baƙi suka ɗauka kawaici ne irin na Fulani, har suna yaba masa. Ni ce ta huɗu a ɗakinmu, amma na samu gatan 'yar fari. Cina da suturata da kuɗin makaranta bai taɓa fasawa ba, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Kallona ne ya fi ƙarfinsa.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka na koyi tara kwano. Dabarata ta farko tsinken sakace. Kullum akwai ɗaya a gefen bakina, in tsakin ya fito sai in yamutsa fuska in hau sakace, a ɗauka nama ne ya maƙale min. 'Yan ajinmu har suna cewa gidan dillalin shanu kullum sai an yi yanka. Da azumi dabarar take mutuwa, don wata malama ta taɓa tambayata wane naman na ci da rana tsaka, kafin ta sa ni kamun kunne. A keke Napep ina zama ta bakin ƙofa in juya fuska waje, iska ta kwashe. A gidan biki ina neman kusa da sifika. Gidan rasuwa kuwa, inda ake zama shiru, na daina zuwa, aka ƙara min da sunan marar zumunci.

Ina sakandare kafaɗa ta shigo layi. Ta dama ce, takan yi tsalle ta taɓo kunnena, kaina ya karkata ya tarye ta. Duk wanda ya taɓa miƙa wa yaro hannu yaron ya ƙi zuwa ya san wannan motsin. Wato jikina da ya tashi koyon magana, kalma biyu ya koya: raini da ƙi. Sai na sayi jaka mai dogon hannu nake rataya ta a wannan kafaɗar, duk lokacin da ta motsa in kai hannu kamar ina gyara igiyar. Ta fi tsinken aiki nesa ba kusa ba. A gidanmu kaf Adda Hamna ce kaɗai ta san da zancen kafaɗar. Inna tana gani ta ɗauka iyayi ne na 'yan mata. Baaba kuwa, ai sai ka kalli mutum za ka san yana da kafaɗa.

Da na gama makaranta na gwada shagon ɗinki, na yi wa wata hajiya tsaki tana cikin bayanin irin wuyan da take so. Na gwada shagon sayar da kati da cajin waya, can ma haka. A ƙarshe na samu inda ya dace da ni, layin injinan markaɗe a Kasuwar Jalingo, wurin wata Mama Roseline. Ranar farko na tsaya zan yi mata bayanin nan nawa da ba a ji har ƙarshe, ta ɗaga min hannu.

"Yarinya, a nan ka yi tsakinka yadda ka so. Inji ya fi ka baki. Kwastoma ba ya ji komai, ni ma kunnena ya mutu tun tuni. Ka iya wanke bokiti?"

Na iya wanke bokiti. Daga safe zuwa yamma ina zuba wake da tattasai da gero, ina tsaki son raina, kafaɗa tana tsalle ana ɗauka jijjigar inji ce. Nan ne kaɗai a garin nan nake sakin jiki. Abin haushi ne a ce wurin hutawar mutum shi ne inda ba a jin muryarsa, amma na karɓa, na kuma gode.

Sai Baaba ya faɗi. A kasuwar shanu ya yanke jiki, ɓarinsa na hagu ya shanye. Bayan asibiti 'yan'uwansa suka ce a mayar da shi Lau, gidan Goggo, yayarsa, a gwada na gida. Inna ta bi shi. Ni ban je ba, ba a kuma ce in je ba. Da me zan je? Mutum yana kwance yana nishi ka tsaya a kansa kana tsaki?

Damina ta wuce yana can. Wata safiya ina tsakiyar markaɗa waken wata mai ƙosai, na ga Adda Hamna tsaye da mayafi a karkace. Ta yi min alama in kashe injin.

"Jikin Baaba ya yi siriyos. Ya ce yaransa su zo."

"Har da ni?"

"Ya ce duka, Ikilima. Duka ya ce."

Na san me ake kiran yara a irin wannan lokaci. Kowa zai shiga ya durƙusa ya nemi gafara, uba ya ce na yafe, ya sa albarka. Ba zan ɓoye ba, abin da nake so ke nan a duniya. Na yi fushi da mutumin nan shekara da shekaru, na zage shi a zuciyata ina tura gero cikin inji, amma ban taɓa daina son in ji ya ce ya yafe min ba, ko da laifin ba nawa ba ne. Ina tsoron ya tafi da ni a ransa a matsayin 'yar da ta tsinka shi a gaban mutane.

A motar Lau Adda ta riƙe hannuna. "Ki daure ki riƙe shi. Ba daɗewa za ki yi ba. Ki shiga, ki ce ya yafe miki, ki fito. In kin fito ki je bayan gida ki yi ɗari ma in kina so. Plis, Ikilima."

Na ce to. Hanyar ba ta da kyau, motar tana ƙara kamar za ta watse, sai na juya fuska taga na yi ta zubar da su tun a hanya, wai ko rumbun zai ragu. Ban san wa nake yaudara ba. Abin ba ya ƙarewa don an ɗiba.

Mun isa bayan azahar. Gidan cike da dangi, ana ta sannu da zuwa ƙasa-ƙasa, kowa na kallona ta wutsiyar ido. Yayyena maza suka shiga suka fito, Adda ta shiga ta fito tana share hawaye. Da layi ya zo kaina, Goggo ta tare ƙofa. Doguwar tsohuwa ce busasshiya, ba ta taɓa yarda da zancen likita ba, a wurinta ni rashin duka ne ya lalata ni.

"Mene wannan a bakinka? Za ka shiga gaban ubanka da kara a baki kamar ɗan tasha?" Ta zare tsinken ta yar. Ta dubi jakar. "Wannan ma ajiye. Ba kasuwa za ka ba."

Na so in yi gardama, amma in na buɗe baki na san abin da zai fito. Na sauke jakar a bakin ƙofa, na shiga. Goggo ta biyo ni ta tsaya daga baya.

Ɗakin na warin man zafi da turaren wuta. Baaba na kwance a katifa, an tokare shi da filo. Ya rame har na ga ƙashin goshinsa, bakinsa ya karkace gefe. Hannunsa na hagu na kan bargo, a lanƙwashe, lokaci-lokaci yana zabura shi kaɗai. Na durƙusa. Na danna harshena a bayan haƙora, na datse muƙamuƙi, ina numfashi ta hanci. Ƙaiƙayin ya riga ya taru tun daga bakin ƙofa. Na shirya maganata, kalma uku ce, "ka yafe min", jira kawai nake in samu sararin da zan fitar da ita ba tare da rakiya ba.

Sai ya juyo ya kalle ni. A ido. Ya ce, "Ikilima."

Na manta yadda sunana yake a bakinsa. A wurin nan, kafin ya ƙara ko kalma ɗaya, duk abin da na tara a kansa ya zube. Wallahi a lokacin na yafe masa, tun bai tambaya ba.

Maganarsa na fita da ƙyar, a jaye. Ya nuna hannun hagun da ido.

"Ka ga wannan? Jiya ya zubar da kunu a jikin Goggonka. Shekaranjiya ya buge Innarka a fuska." Ya huta. "Ban aike shi ba."

Ashe ya riƙe maganar. Duk shekarun nan da yake magana da bango, maganar wata 'yar firamare tana nan a ransa. Hawaye suka cika min ido, kuma duk wanda ya san ciwona ya san ba abin da ke tayar da shi kamar zuciya ta motsa. Ƙaiƙayin ya cika bakina, ya gangaro wuya. Na ƙara datse haƙora har na ji gishirin jini.

Ya daɗe yana kallona, kamar yana jiran wani abu. Sannan ya ce, "Yau ka riƙe shi. Ashe kana iyawa."

Na ƙara danne harshena. Ya lumshe ido ya buɗe.

"Ba kai za ka roƙe ni ba. Ni zan roƙe ka. Ikilima, ka yafe mini."

Ka ga inda aka kai ni. Ubana, Hammanjoda, wanda bai taɓa ce wa ɗan Adam yi haƙuri ba, ya ce in yafe masa, ni kuma bakina cike da tsaki. In na buɗe, shi zai fara fita, a kan wannan maganar, a gaban Goggo. Na ce a raina bari in haɗiye wannan ɗayan, numfashi ɗaya kawai, sai in ce na yafe. Na tattara duk ƙarfina na kai baki. Na manta da kafaɗa.

Ta yi tsalle ta taɓo kunnena, kaina ya karkata ya tarye ta. Ta sauka, ta sake. Hannuna ya tafi neman igiyar jaka, babu jaka.

"Innalillahi!" in ji Goggo. "Ya ƙi! Ɗan nan ya ƙi!"

Baaba bai san da kafaɗar ba. Tsaki ya sani, tsaki yake jira, kuma yanzu na gane da na sake shi tun shigowata, da babu abin da zai faru, don ya riga ya yafe wa tsakin. Abin da ya gani shi ne yarinya mai iya riƙe bakinta in ta so, an tambaye ta, ta maƙe kafaɗa. Bai yi fushi ba. Da ma ya yi.

Ya ce, "Da gaskiyarka." Ya juya fuskarsa bango.

Na buɗe baki in ce a'a Baaba, na yafe, na yafe. Duk waɗanda na danne tun daga bakin ƙofa suka fito a jere, dogaye, ɗaya na bin ɗaya, maganata ta nutse a cikinsu. Goggo ta shaƙo wuyan hijabina ta ja ni waje kamar akuya. Ina jin kaina ina ihu a tsakar gida, rabi magana rabi tsaki, mata na toshe baki. Garin neman gira na rasa ido.

Adda ta yi ta rantsuwa tana yi musu bayanin kafaɗar. Goggo ta ce, "Wani sabon ciwo kuma? Da baki ne, yau kafaɗa, gobe ƙafa zai shure mu a ce likita ya sani." Ta kafa kujera a bakin ƙofar, ta ce muddin tana numfashi ba zan ƙara shiga in ƙarasa mata ƙani ba. Inna na gefe tana kuka, gidan ba nata ba ne, ba ta da ta cewa. Na roƙi Goggo da Hausa, na roƙe ta da ɗan Fulatancin da na iya, na kama ƙafarta. Kowane roƙo da tsakinsa a gindi.

Kafin la'asar maganarsa ta ɗauke. Washegari da hantsi ya rasu.

Na zauna zaman makoki a bayan rumbu, ni kaɗai, inda ba za a ji ni ba. Amma ni ina jin su. Duk wadda ta zo gaisuwa sai an ba ta labarin 'yar da ubanta ya roƙa a gargarar mutuwa ta maƙe masa kafaɗa. Har Jalingo labarin ya riga ni isa. Wannan bai dame ni ba, na saba da bakin mutane, nawa ne dai ya fi nasu. Abin da yake cina shi ne kalmar nan tasa ta ƙarshe gare ni. Shekaru ina jiran ya ba ni gaskiya, ya tashi ba ni ita a kan abin da ban faɗa ba.

Bayan addu'ar bakwai muka kamo hanyar gida ni da Adda. Jakata na kafaɗa, na sayi sabon ƙullin tsinke a tasha. Da muka yi nisa, sai Adda ta matso kusa da kunnena saboda ƙarar motar.

"Na shiga wurinsa da Goggo ta tafi alwala. Na faɗa masa a kunne. Na ce Baaba, kafaɗar ma ciwon ne, Ikilima ta yafe maka, ta ce in gaya maka ta yafe. Sau uku na faɗa."

"Ya ji?"

"Idonsa a rufe yake. Amma ya motsa hannu, Ikilima. Ina gama faɗa ya motsa hannu, na gani da idona."

Na cire tsinken daga bakina na juyo na kalle ta.

"Wane hannun, Adda?"

Ta mayar da idonta kan hanya, ta daɗe tana kallon gonakin da muke wucewa. Adda ba ta iya ƙarya ba, ko ta taimako.

Ta ce, "Na hagu."